Darasi Na Goma Sha Ɗaya: Mayar Da Abin Da Ya Same Ka Labari

A darussan baya mun koyi rubutun da ake kai wa wani: wasiƙar neman aiki, takardar yarjejeniyar haya, lissafin kuɗin adashi. Rubutun yau na mai shi ne. Za mu koyi yadda mutum zai ɗauki wani abu mai ciwo da ya faru da shi, ya sauya masa suna da gari, ya mayar da shi ƙagaggen labari, domin abin ya yi masa sauƙi a rai.

Duk wanda ya kai shekarun zama a wannan aji ya haɗiye wani abu. Wata ta binne 'ya'ya. Wani ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya cinye masa gado. Wata da goyo a baya aka miƙa mata takardarta. Wani ya baro garinsu daga shi sai rigar wuyansa saboda 'yan bindiga. Wasu kuma ciwon nasu shi ne ma ya kawo su nan: an cire su daga makaranta suna ji suna gani, sa'o'insu suka wuce suka bar su. Tarbiyyarmu ta ce a yi shiru. Manya suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma suna da gaskiya, domin gidan da ba a rufa wa juna asiri ba ya zaunuwa. Amma shirun ba ya kashe abin. Yakan ɓullo ta wani wuri: rashin barci, yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili, ciwon kan da ba ya jin magani, hawaye a kan sallaya.

Kada wani ya ɗauka fitar da damuwa rashin haƙuri ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne aka sani da kyakkyawan haƙuri, kuma shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Iyayenmu mata ma sun san wata hanya tun kafin biro ya zo. Matar da ba ta isa ta ɗaga ido ta dubi uwar miji ba, in ta durƙusa gaban dutsen niƙa sai ta rera abin da ke cin ta, ba ta kama sunan kowa ba. Haka ake yi a wajen daɓe. Da dare kuma tsohuwa ta tara jikoki ta ba su tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa, kuma sau da yawa ita kanta ta ɗanɗana maraicin. An faɗi gaskiya, ba a tona asirin kowa ba. Abin da za mu koya ke nan, sai dai mu a takarda za mu yi.

Wadda ta riga ku zama a irin wannan aji

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu 'yar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad wanda ya shugabanci Najeriya daga 1975 zuwa 1976. Tana da shekara 13 aka raba ta da makaranta, aka aurar da ita ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai yi ƙarko ba. Da ta dawo gida sai ta nemi a bar ta ta je koyon ɗinki da saƙa, a can ta riƙa koyon karatu da rubutun Hausa. Bayan aure ta koya, kamar yadda kuke yi yanzu.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da biyu: Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Alhaki Kuykuyo Ne an mayar da shi fim a 1998, kuma a 2012 wani kamfanin ɗab'i a birnin Chennai na Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi. Wa Zai Auri Jahila? shi ne ya shafi darasinmu. Labarin wata yarinya ce, Abu, da mahaifinta ya cire daga makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya ce ba ya auren jahila, sai aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta. Abu ta gudu birnin Kano wajen 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ku dubi abin da marubuciyar ta riƙe da abin da ta saki. Ta riƙe ƙuruciyar yarinyar, da rabuwa da allo da littafi, da tsoron kwana ɗaki ɗaya da babban mutum, da zafin a kira ka jahili alhali ba kai ka zaɓa ba. Waɗannan ba ta je aro ba, ta san su a jikinta. Sauran kuwa duk ta sauya. Abu 'yar ƙauye ce, ba ta da yaya soja, sunan mijin da sana'arsa da gidansa duk ƙirƙira ne. Da Hajiya Balaraba ta rubuta tarihinta kai tsaye, da dole ta kama sunan mahaifi da na miji, da dangi sun taso, wataƙila da littafin bai ga rana ba. Da ta ɗora nauyin a kan Abu sai ta samu bakin faɗar duk abin da take so, ta kuma samu damar tsayawa gefe ta kalli yarinyar nan 'yar shekara 13 da idon babbar mace, ta tausaya mata, ta buɗe mata hanya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake haka ba. Buchi Emecheta, wadda aka haifa a Legas a 1944, ta yi aure tana da shekara 16, ta bi mijinta Landan. Mijin ya ƙone littafin farko da ta rubuta da hannunta. Ta rabu da shi tana da shekara 22, ta riƙe 'ya'ya biyar ita kaɗai. A 1974 ta fitar da Second Class Citizen, labarin wata mata mai suna Adah wadda mijinta ya ƙone mata rubutu. Littafin da aka ƙone kuwa ta sake zama ta rubuta shi, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price.

Abin da masu bincike suka gani

A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Texas ta Amurka, James Pennebaker, tare da Sandra Beall, sun wallafa sakamakon gwajin irin wannan rubutu da suka yi a kan ɗaliban jami'a 46. Kowa ya yi rubutu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. An ce wa wasu su rubuta abin da ba shi da nauyi, irin fasalin ɗakinsu. Sauran aka ce su rubuta wani mummunan abu da ya taɓa samun su: wasu abin da ya faru kawai, wasu yadda suka ji kawai, wasu kuma su haɗa biyun. Da aka duba rajistar asibitin jami'ar a watanni shida da suka biyo baya, waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji sun rage zuwa ganin likita. Amma ku riƙe wannan: a daidai lokacin da suka ajiye biro, ransu ya fi na sauran ɓaci, jininsu ma ya ɗan hau. Sauƙin daga baya ya zo.

Da Pennebaker da abokan aikinsa suka koma suna ƙirga kalmomin da mutane ke amfani da su, sai suka ga waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu ke sauyawa daga rana zuwa rana. A ranar farko kuka ne zalla. Zuwa ta uku da ta huɗu sai a fara ganin "saboda", "dalilin da ya sa", "yanzu na gane". Haka kuma sukan bar kallon abin ta idonsu kaɗai, su leƙa ta idon sauran mutanen da ke ciki. Wanda kullum abu ɗaya yake maimaitawa da kalmomi iri ɗaya, bai cika samun sauƙi ba.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da darasinmu. A gwajin, wanda aka wallafa a 1996, Melanie Greenberg da Camille Wortman da Arthur Stone sun tara ɗalibai mata waɗanda kowace ta taɓa shiga wani tashin hankali. Wasu suka rubuta nasu na gaske. Wasu aka ba su labarin abin da bai same su ba, aka ce su sa kansu a ciki su rubuta. Duka ɓangarorin biyu sun rage zuwa asibiti a watan da ya biyo baya, idan aka gwada su da waɗanda suka rubuta abin da ba shi da nauyi. Wato ko a cikin labarin wani, mutum da tasa zuciyar yake rubutu.

Kada a kambama abin. A 2006 Joanne Frattaroli ta tattara gwaje-gwaje 146 na irin wannan, ta ga amfanin yana nan amma ba mai yawa ba ne, kuma ba kowa yake samu ba. A ganina duk da haka ya isa a gwada, tunda abin da zai ci maka bai wuce littafin rubutu da biro ba.

Yadda ake yi

Mu ƙaddara wani mutum ya tafi cin rani, kafin ya dawo yayansa ya sayar da gonar gado. In aka ce ya rubuta, ga irin abin da zai fara fitowa:

"Yayana ya cuce ni. Ya sayar da gonar mahaifinmu ban sani ba. Ni da shi har abada. Allah ya isa."

Wannan gaskiyar ransa ce, kuma yana da kyau ta fito. Amma ko shafi goma ya cika da ita, inda ya fara a nan zai ƙare. Mataki na farko shi ne ya cire kansa, ya sa wani. Ya raɗa masa suna, a ce Sallau. Daga nan ba "na dawo" zai rubuta ba, "Sallau ya dawo" zai rubuta. Da wuya ku yarda da yawan aikin da wannan ɗan sauyi yake yi sai kun gwada. Hannun da ke rawa in zai rubuta "na yi kuka", ba ya jin nauyin rubuta "Sallau ya yi kuka". Namijin da kunya ba za ta bari ya ce tsoro ya kama shi ba, zai iya faɗar haka game da Sallau. Kuma mutum ya fi yi wa wani adalci da tausayi fiye da yadda yake yi wa kansa. Wadda ta shekara ashirin tana zargin kanta da mutuwar ɗanta, in ta ga Tabawa a takarda, yarinya ƙarama, cikin dare, ba mota, asibiti da nisa, sai ta gane ba za ta iya ɗora wa Tabawa laifi ba.

Mataki na biyu, kada a kwaso rayuwa gaba ɗaya. A ɗauki rana ɗaya, a cikin ranar ma a ɗauki sa'a ɗaya. A rubuta abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da hannu ke riƙe da shi. Ga yadda zai iya zama:

"Ranar da Sallau ya dawo, bai tsaya shan ruwa ba ya zarce gona. Tun daga nesa ya hango wani baƙo yana huɗa kusa da ɗorawar da Baba yake shimfiɗa buzunsa. Ya yi sallama, mutumin ya amsa bai ɗago ba.

'Bawan Allah, aikin wa kake yi a nan?'

'Aikin kaina. Wata uku ke nan da na saya a hannun Malam Mati.'

Sallau ya dubi ledar da ke hannunsa. Shadda ce yadi biyar, tsarabar da ya sayo wa Yaya Mati."

Babu inda aka rubuta "cuta" ko "baƙin ciki", amma duk wanda ya karanta ya ji su. Ledar shaddar nan ta kuma nuna wa marubucin abin da bai sani ba sai da ya rubuta: ba gonar ce ta fi ci masa rai ba, yayan da yake so ne ya yi masa haka. Irin wannan ganewa ake nema, kuma ba ta zuwa sai an sauka kan ƙananan abubuwa.

Mataki na uku ya fi wuya. A ba ɗaya mutumin nasa shafin. Ina Mati yake a daren da ya yanke shawarar sayarwa? Wa ke kwance ba lafiya? Wa ke bin sa bashi? Ko kuwa kwaɗayi ne kawai, yana son ƙara aure? Marubucin ne zai zaɓa, amma ya rubuta Mati a matsayin mutum mai ci da sha da jin kunya, ba dodo ba. Ya zaunar da su a zaure, Sallau ya ce, "Yaya, ashe gonar Baba ta tafi?" ya jira ya ji abin da Mati zai ce. Fahimtar dalilin mutum ba wanke shi ba ne, kuma ba wanda ya ce dole labarin ya ƙare da yafiya. Wannan mataki na rikicin dangi ne da na aure da na abota. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda aka kashe masa nasa a gabansa, babu mai tilasta musu shiga zuciyar wanda ya aikata. Su ba wani mai tausayi shafin, kamar kaka ko maƙwabciya, ya faɗi abin da ya kamata a ce an faɗa musu a lokacin.

Wanda bayar da labari kai tsaye ya yi masa nauyi, ya sa mutumin labarinsa ya rubuta wasiƙa, tunda kun riga kun iya ta. Haka Mariama Ba ta ƙasar Senegal ta gina littafinta na 1979: wata mata ce mai suna Ramatoulaye, tana cikin takaba, take rubuta wa ƙawarta duk abin da ya gudana a aurenta.

Sai ƙarshen labari. Mun saba a littattafai da finafinai azzalumi ya makance, ko ya haukace, ko dukiyarsa ta ƙone, ya dawo yana neman gafara a durƙushe. In ranku ya biya, ku rubuta hakan sau ɗaya ku huce. Amma ni ban ga yana warkarwa ba, domin kun san bai faru ba, kuma har yanzu idonku na kan azzalumin. Ƙarshen da ya fi amfani shi ne wanda ke nuna abin da Sallau ya yi da kansa washegari, abin da mai rubutun ma zai iya yi: ya kai magana gaban manya, ko ya yi aron gona ya shuka, ko ya yanke shawarar zai gai da yayansa ran Sallah amma ba zai ƙara ba shi ajiya ba. Abin da mai karatu ke tafiya da shi daga littafin Hajiya Balaraba shi ne Abu ta koma makaranta.

Haƙƙin mutanen da ke cikin labarin

Wani zai tambaya, ƙaga labari ba ƙarya ba ne? Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don a ɗauka haka ne. Mai ƙagaggen labari bai yaudari kowa ba, shi da mai karatu duk sun san ƙirƙira ce, kamar yadda yara suka san Gizo da Ƙoƙi ba 'yan unguwarsu ba ne. Inda haɗarin yake shi ne giba da ƙazafi. In aka sauya suna kawai, aka bar unguwa da sana'a da yawan mata da tabon da ke goshi, kowa zai gane wanda ake nufi, an ci namansa ke nan, in kuma aka ƙara masa abin da bai yi ba abin ya fi muni. Saboda haka a sauya da gaske. Tela ya zama mahauci, Gusau ta zama Azare, 'ya'ya bakwai su koma uku, mutum biyu a haɗe su su zama ɗaya. Ciwon kaɗai ake bari yadda yake.

Rubutun farko ba na nunawa ba ne. A adana shi inda yara da abokan zama ba za su kai hannu ba. Kada zafin rai ya sa a tura shi WhatsApp ko Facebook, domin abin da ya fita ba ya dawowa. Wanda ya ga ajiye shi zai jawo masa fitina a gida, ya yaga bayan ya gama. Amfanin yana cikin rubutawar.

Lokacin da za a dakata

Ba a matsa maruru sai ya nuna. Abin da ya faru makon jiya ko watan jiya, a bar shi tukuna, a nemi 'yan'uwa da addu'a da barci. A fara da abin da ya kwana biyu, kuma ba lalle ne a fara da mafi girma ba. Ɓacin rai na sa'a ɗaya ko biyu bayan rubutu ba abin tsoro ba ne. Amma in jiki ya ɗauki rawa, numfashi ya sarƙe, mutum ya ji kamar abin yanzu yake faruwa, to ya rufe littafin, ya tashi ya sha ruwa, ya shiga cikin mutane. Pennebaker kansa yana gargaɗin mutane su tsaya in suka ji abin zai fi ƙarfinsu.

Akwai kuma abin da ya wuce aikin biro. Wanda ya yi makonni ba ya barci ko ba ya cin abinci, ko mugun mafarki da firgita suka hana shi sana'a, ko yake jin gara ya mutu ya huta, likita yake buƙata, kuma yau ba gobe ba. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. A fara da asibitin da ya fi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Aikin wannan mako

Ku sami sabon littafin rubutu wanda ba na aji ba. Kwana huɗu a jere, ku ware minti 15 a lokacin da gida ya yi shiru. A rana ta farko ku rubuta abin da bakinku, kuna cewa "ni". A ta biyu ku raɗa wa mutumin suna, ku sauya masa gari da sana'a, ku rubuta sa'a ɗaya daga cikin ranar da abin ya faru. A ta uku ku ba wani daga cikin mutanen labarin shafinsa. A ta huɗu ku rubuta abin da mutuminku ya yi washegari. Kada ku tsaya gyaran ƙa'idar rubutu, wannan sai wani darasin. Wanda hannunsa bai yi sauri ba tukuna, layi biyar sun isa. Wanda ya fi sakewa da ajami ya yi da ajami.

A zama na gaba, wanda ya ga dama zai karanta mana rubutun rana ta biyu kawai. Doka biyu ce a ajin: ba a tambayar mai karatu ko shi ne a cikin labarin, kuma abin da aka ji a nan ba ya bin kowa gida. Wanda ba ya son karantawa ya ɗaga littafinsa daga inda yake zaune, malami ya ga shafuka huɗu a cike, ya ba shi makinsa.